Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya wasannin kwaikwayon fili: ku raba mana ciwon wasa da ciwon gaske

Zuwa ga masu shirya wasanni, da alƙalan fili, da masu rubuta dokoki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san irin wahalar da kuke sha kafin ku tara mutum ɗari biyu a daji, ku ba kowa suna da tarihi da abokin gaba, a ɗaura sulke da kwalkwali, a ce daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi duniyar labari ce ke ci. Don haka ba gori na zo yi muku ba. Na daɗe a cikin wannan wasa da duniya ta sani da LARP, wasan da ba shi da 'yan kallo balle dandamali, kuma mafi yawan shekaruna a cikinsa na yi su ne a matsayin mai maganin cikin labari, wanda ke bin mayaƙa da jakar tsummoki da kwalaben ruwa mai launi yana yi musu warkarwar ƙarya. Wannan matsayi ne ya jawo abin da zan ba ku labari, kuma laifin farko nawa ne.

A wani yaƙin dare ne. An kashe fitilu saboda labarin ya ce sansaninmu aka kai wa farmaki. Na ga wani saurayi kwance gefen wata bishiya, ya dafe kai yana nishi. Na durƙusa, na fito da bandejin da na riga na shafa wa jan fenti, na naɗa masa a goshi, na fara sambatun warkarwa ina ƙirga daƙiƙun da doka ta ce sai sun cika kafin ya miƙe. Har raɗa na yi masa a kunne cewa ya iya wasa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, mun ci?" Na ce tukuna. Jim kaɗan ya sake cewa, "Mun ci?" Na ce masa ai yanzu na faɗa maka. Sai da ya maimaita karo na uku, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa tambaya ba, sannan gabana ya faɗi. Na kunna tocila. A ƙarƙashin bandejina na fenti akwai wani jan da ba nawa ba. Igiyar tanti ce ta harɗe shi yana cikin gudu, ya buga kai da saiwar bishiya, kuma ya daɗe a wurin. Mutane sun yi ta tsallake shi, wasu ma sun yaba masa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai. Da muka ce zai fita daga fili a duba shi, sai ya ƙi. Dokar wasan ta ce duk wanda ya bar fagen yaƙi kafin a gama, jarumin da yake takawa ya mutu ke nan, shi kuwa shekara uku yana gina wannan jarumi. Yaro yana ganin bibbiyu, yana roƙonmu kada a gaya wa alƙali.

Ga inda wasanmu ya bambanta da sauran wasannin jiki. A filin ƙwallo, mutum kwance a ƙasa yana riƙe da ƙafa abu ne da ke jan idon kowa, har rafali ya busa usur. A wurinmu kuwa shi ne wasan kansa. Muna koya wa mutane su faɗi, su yi kururuwa, su yi ɗingishi, su suma, mu kuma tafa wa wanda ya fi iyawa. Muna sayar musu da jinin roba. Ciwon gaske idan ya zo, cikin wannan tarin ciwon ƙarya yake shigewa ya ɓace, kuma ba wanda ido kaɗai zai ishe shi ya tantance, musamman da dare ko ta cikin ramin kwalkwali. Tun da ku kuka gina duniyar da ake wasa da ciwo, a kanku hanyar gane na gaske ta rataya.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce, kuma magabata a harkar sun yi mata dabara. Ƙungiyar SCA ta masu kwaikwayon rayuwa da yaƙe-yaƙen Turai na zamanin da, wadda aka kafa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, tana da kalma ɗaya, "Hold", da kowa ke da ikon furtawa. Da an ji ta, takubba sun tsaya, mayaƙa su sauka kan gwiwa su jira. Wasannin faɗa da makaman soso da suka biyo baya a Amurka, irin su Dagorhir da ya fara a 1977 da Amtgard da ya fara a El Paso a 1983, su ma da ita suke amfani. A Ingila, inda aka fara wani wasa irin namu mai suna Treasure Trap a fadar Peckforton a 1982, an daɗe ana kiran "Man down" idan wani ya ji ciwon gaske, sai dai kalmar tana da aibi, domin irin abin da soja a cikin labari zai iya faɗa ne idan abokinsa ya faɗi. A Norwe da maƙwabtanta akwai kalmomi biyu, "kutt" na a tsaya cak, da "brems" na a sassauta kada a ƙara matsa wa mutum. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Jamusawa, masu manyan taruka irin ConQuest of Mythodea da ke haɗa dubban mutane a Brokeloh. Su sun raba kiran gida biyu. Idan jaruminka ne ya ji rauni, "Heiler" za ka kira, mai maganin labari irina ya zo da tsummokinsa. Idan jikinka ne, "Sanitäter" za ka kira, kuma haramun ne a furta wannan kalma da wasa.

Ku zaɓi taku, ko wace iri ce, muddin ba za ta taɓa fitowa daga bakin jarumi a cikin labari ba. "Wayyo" da "taimako" da "a kira mai magani" duk sun zama na wasa, sun mutu. Kuma rubuta ta a shafi na arba'in na littafin dokoki bai wadatar ba. Na sha ganin sabbin 'yan wasa sun san adadin saran da sulkensu ke ɗauka, amma ba su san me za su ce ba idan ƙafarsu ta karye. A taron buɗe wasa a sa kowa ya faɗe ta da ƙarfi, sau biyu ko uku, har kunya ta fita. Kunyar nan ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ba wanda yake so a ce shi ne ya tsayar da yaƙin mutum ɗari biyu saboda abin da daga baya ya zama ƙujewa. Ku faɗa da bakinku cewa wanda ya tsayar da wasa bisa kuskure ba shi da laifi, ku kuma tabbatar alƙalanku ba sa yamutsa fuska idan hakan ta faru, domin fuskar alƙali ta fi littafi tasiri.

Sai batun da ya sa na ɗauki alƙalami. Ku cire duk wata doka da ke sa ɗan wasa ya yi asara a cikin labari saboda ya ji ciwo a zahiri. Wanda aka fitar don a duba shi, jaruminsa yana nan yadda ya bar shi, da ransa da dukiyarsa da muƙaminsa. Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta: wai mutane za su riƙa ƙaryar targaɗe idan suka ga za a kashe su. Za a samu, ban musa ba. Amma a auna mana. A gefe guda mutum ɗaya ya tsira da ran jarumin ƙarya ta hanyar ha'inci, kuma irin waɗannan ba sa ɓuya, kafin wasa uku kowa ya san su. A ɗaya gefen yaro ya koma fagen sara da ƙwaƙwalwar da ta girgiza. Ni dai na san wanda zan iya kwana da shi a raina. Idan kuna tsoron ha'inci, ku ce duk wanda ya kira agajin gaske sai mai taimakon farko ya sallame shi kafin ya koma. Maƙaryaci ba zai so zaman tanti ana yi masa tambayoyi ana yaƙi babu shi ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan bugun kai, saboda shi ne ciwon da ya fi iya ɓuya. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko kaɗan, shi ya sa "ai bai suma ba" ba hujja ba ce. Abin da ake gani shi ne maimaita tambaya, rashin tuna abin da ya faru, jiri, layi a tafiya, tashin zuciya, ƙyamar haske, ko mutum ya yi shiru yana kallon wuri guda. Wani lokaci sai bayan sa'o'i alamun suke bayyana, bayan an gama yaƙi an koma tanti. Masana da suka taru a Amsterdam a watan Oktoban 2022 kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni sun jaddada abin da aka daɗe da sani, cewa wanda ake zargin ya same shi a fitar da shi nan take, kada ya koma a ranar. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a Afrilun 2023 don wasannin da ba na ƙwararru ba ta ce kada ya koma cikin sa'o'i 24, a kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya, sannan ba zai sake shiga gasa ba sai bayan aƙalla kwana 21. Takobinmu na soso ne, haka ne, amma ƙasa da saiwa da bakin garkuwa da kan ɗan'uwanka da kuka yi karo ba na soso ba ne. Idan kuwa amai ya maimaitu, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko ya fara jijjiga, ko barci yana rinjayarsa, ko yana kukan wuya da rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, maganar ta wuce tantin agaji, motar asibiti ake kira. Kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a tanti ko ya tuƙa mota zuwa gida.

A nan akwai tarko da sai mu muka san shi. Mai taimakon farko da ya saba da filin ƙwallo yana tambayar wanda ya bugu sunansa da inda yake. Namu sai ya amsa da sunan jaruminsa da sunan masarautar labari, ka rasa ko ruɗewa ce ko riƙon wasa. Dole a fara da ce masa an fita daga wasa, a kira shi da sunansa na yanka, a tambaye shi abin da babu shi a labari, kamar ranar da ake ciki da yadda ya zo wurin.

Kayan jikinmu ma wata matsala ce. Wanda ake zargin wuyansa ya taɓu ba a cire masa kwalkwali sai idan numfashinsa ya tilasta, kuma ba a ɗaga shi a zaunar don a ba shi ruwa, abin da hannun kowa ke saurin yi ke nan. Sulken zobba ba ya yankuwa da almakashi, ta ka ake zare shi, ga nauyi. Idan zuciyar wani ta tsaya, sai an buɗe ƙirji tsirara kafin a manna na'urar farfaɗo da zuciya, a danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar tsira da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Shin masu agajinku sun taɓa gwada cire wa mutum kwance sulke da rigar lifidi da maɗauran fata, suna kallon agogo? Ku sa su gwada a ranar da ba kowa a cikin haɗari, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma gaya wa 'yan wasa tun a fom ɗin rajista cewa idan rai ya kai ga haka, za a yanka musu kaya ko da watanni suka yi suna ɗinki.

Wannan lifidi da sulke su ne kuma suke dafa mutane da rana. Zafin da ke kisa shi ne wanda ya kai jiki sama da digiri 40 har mutum ya fara ruɗewa ko surutai, kuma a irin wanda motsa jiki ke jawowa, yana iya kasancewa gumi bai daina zuba ba. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi: a tuɓe kayan, a tsoma shi a ruwan sanyi idan akwai, ko a yi ta kwarara masa ana fifita, ana kiran motar asibiti a lokaci guda. Mayaƙin da ke tangaɗi yana sambatu a tsakiyar rana, kowa zai ɗauka sihirin labari ne ya kama shi. Ku sa hutun shan ruwa cikin tsarin yaƙin kansa, kada ku bar shi ga hankalin mutumin da jininsa ke tafasa.

Duban makamai kuna ƙoƙari a kai, ba zan ɓata muku lokaci ba. Abu biyu kawai. Takobin soso yana da sandar faiba a cikinsa, idan bakinsa ya gaji sandar kan huda ta fito, shi ya sa wasanni da yawa suka hana suka da shi, kuma takobin da ya ci jarrabawa ranar Juma'a yana iya lalacewa ranar Asabar. Kibiya kuwa, dalilin da ya sa ake yi mata kai mai faɗin da ya wuce ramin ido sananne ne, kuma wasannin Ingila da dama sun ƙayyade ƙarfin jan bakan harbi a nauyin fam 30, amma kibiyar da aka tsinta a ƙasa aka sake harbawa ba a duba ba ita ce ke raunata mutane. Sannan yawancin makaman nan da abin rufe fuska da kunnuwan aljanu da ake mannawa da robar lateks ake yin su, akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya shiri da ita, wasu har maƙogwaro ya kumbura numfashi ya toshe. Ku tambaya a fom, tare da asma da ciwon suga da farfaɗiya da magungunan da mutum ke sha. Mai ɗauke da allurar adiranalin, wadda ake yi wa wanda maƙogwaronsa ya kumbura haka, ya faɗi inda take, domin jakar fata ta jarumi ba wurin da baƙo zai yi tunanin dubawa ba ne. A gefen cinya ta waje ake yin ta, ba a jira. Fom ɗin kuma ya kasance a hannun masu agaji a fili, a rufe don sirrin mutane, amma inda za a iya buɗewa cikin minti ɗaya.

Su waye masu agajin? A wasanni da yawa da na je, amsar ita ce wata ma'aikaciyar jinya da ta biya kuɗinta ta zo wasa kamar kowa, aka ce ai ga wance nan. Wannan zalunci ne a kanta, kuma sakaci ne a kanmu, don lokacin da ake nemanta tana can wani ƙarshen daji tana sarauniyar mayu. A sami mutanen da aikinsu ke nan kawai, masu horo, da riga mai ƙyalli da ba ta yi kama da komai na labari ba, da oba-oba a hannu. Na san za ku ce rigar tana ɓata hoto. Ta ɓata. Kuma maganarsu ta fi ta mai shirya wasa a kan wanda zai koma fili da wanda ba zai koma ba, ko da shi ne sarkin da labarin daren ya dogara a kansa.

Wuraren da muke so, dazuzzuka da tsofaffin gine-gine, su ne wuraren da motar asibiti ke shan wuya kafin ta samu. Kafin wasa, wani ya bi hanyar da mota ya ga ko za ta shiga, ya san ƙofar da ke da kwaɗo da wanda ke riƙe da mabuɗi, ya san inda waya ke kamawa da inda ba ta yi. A rubuta lambar gaggawa ta ƙasar da ake ciki, ko 112 ce kamar a Turai, ko 999 a Birtaniya, ko 911 a Amurka, tare da adireshin wurin na gaske a manne a kowane sansani, domin mai karɓar kira bai san "Kwarin Dodanni" ba. A naɗa wanda zai tsaya a bakin hanya ya jagoranci motar. A tura wani ya raka wanda aka ɗauka, ɗauke da wayarsa da katin shaidarsa, kuma a goge masa jinin roba da raunukan fenti ko aƙalla a yi wa ma'aikatan asibiti bayani, kada su ɓata lokaci kan saran da babu shi.

Idan an tsayar da wasa, sauran jama'a su zauna inda suke, su buɗe hanya, su daina ɗaukar hoto. Wanda takobinsa ko garkuwarsa ta yi sanadin ciwon shi ma a sami mai zama da shi, don na ga irinsu suna rawar jiki a bayan tanti ba wanda ya waiwaye su, wasu daga ranar ba su sake zuwa ba. Sannan a rubuta. Kowane ciwo, har wanda ya zo ya wuce da ƙyar, a rubuta lokaci da wuri da sanadi. Inshora za ta nema, amma amfaninsa ya wuce nan. Da wasan da na ba ku labari yana da irin wannan littafi, da an ga cewa a layin tantunan nan mutum biyu sun riga sun faɗi kafin wannan yaro, abin da sai daga baya muka ji a bakin mutane. Ɗan ƙyalle mai haske a jikin igiyoyin, ko a matsar da fagen yaƙin dare taku ashirin, da ya wadatar.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi, bayan makonni yana fama da ciwon kai da kasa kallon kwamfuta. Jaruminsa kuwa an rubuta shi a matattu kamar yadda doka ta ce, ba wanda ya ga dalilin sauya ta. Ni daga ranar na sauya aikina. Duk wanda na durƙusa a kansa, kafin in taɓa jakata sai na sa bakina a kunnensa na tambaye shi da muryata ta gaske ko lafiyarsa ƙalau, in jira amsa, kuma ina ɗauke da safar hannu da bandeji mai tsabta a wani aljihu daban da na fenti. Ina roƙonku ku mayar da wannan tambaya doka a kan duk mai maganin cikin labari, don mu ne muke fara isa wurin wanda ya faɗi. Dokar mutuwar jarumi saboda fita neman magani kuma, ku soke ta kafin ku buɗe rajistar wasa na gaba.

Naku,
Wani mai maganin cikin labari